Eskabeta ta hannu ko tokumbo? Muhawara a zauren masu manyan motoci na Jos

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen manya. Ni da ƙannena biyu mun haɗa jari za mu sayi eskabeta mai tan 20, mu riƙa ba da haya ga masu aikin kuza a yankin Bukuru da Barikin Ladi, da masu haƙar gindin gini a cikin gari. Akwai Caterpillar 320B ta hannu a nan Bukuru, mai ita ya ce kwangila ya gama shi ya sa zai rabu da ita. Sai kuma wani dillali a Legas ya turo mana bidiyon 320D tokumbo, fes da ita, agogonta bai kai awa 4,000 ba, kuma kuɗinta bai ɗara na ta nan da yawa ba. Ƙaramin ƙanina ya kafe sai ta Legas. In kuɗi ya ragu kuma muna son ƙarawa da kan tirela da lobed, wato bodin tirela mai ƙasa-ƙasa da ake ɗaukar inji a kai, don kada kuɗin ɗauko ya riƙa cinye mu. Me kuka gani?

Na Gangare: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Bari masu abin su farka.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Yaro, agogon nan ka cire shi daga lissafi. Kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, ana cire shi a sa wani kafin shayi ya huce. 320D ta fara fitowa tun kafin 2010. Injin da ke aiki sosai yana cin awa 1,000 zuwa 2,000 a shekara. To ka lissafa da kanka, ina ta kwana duk shekarun nan da za a ce ba ta kai 4,000 ba? In kana son sanin shekarun wahalarta, dubi fedar da ofareta ke takawa, dubi robar liba inda hannu ya cinye, dubi kujera, dubi fil ɗin bokiti. Waɗannan mai fenti yakan manta da su.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya a kan agogo, amma akwai ƙari. Ita D tana da kwamfutar inji, kuma ita ma tana ajiye nata lissafin awa daban. Idan aka jona mata na'urar gwaji, awannin gaskiya da tarihin matsalolin da ta yi za su fito, sai dai in kwamfutar ma canza ta aka yi. Sannan tun daga 2001 injinan Caterpillar suna zuwa da lamba mai harafi da alƙaluma 17. A ce dillalin ya ɗauko hoton lambar da ke kan farantin da kuma wadda aka buga a jikin ƙarfen, a kai wa Mantrac, su ne dilolin kamfanin a Najeriya, a tambayi shekarar ƙira. Da yawan masu sheƙin nan an yi musu kwaskwarima ne a waje: a wanke, a fesa fenti, a manna sabbin takardu, tsohuwa ta koma amarya. Wani lokaci har 320C, wadda ta girme ta, ake mayarwa 320D da sitika.

Baba Makanike: To ka ji. Kai da bakinka ka ce sai an jona na'ura. Na'urar tana ina idan ta tsaya a ramin kuza a bayan Bisichi ƙarfe biyar na yamma? Ita B injinta 3066 ne, famfon gas ɗinta na gargajiya. Tana da 'yar kwamfutarta ta famfon haidirolik da totur, ban musa ba, amma ko ta mutu akwai yadda muke lallaɓa ta ta ƙarasa yini. Ita kuwa D mai injin C6.4 nozul ɗinta ba sa haƙuri da datti ko kaɗan. Gas ɗin da ake kai wa daji a jarka kun san shi, wani da ruwa, wani an sirka da kananzir. Nozul shida za ka saya a tashi ɗaya, ka tambayi kuɗinsu a Dilimi ka dawo mu yi magana.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma B ɗin nan fa ta ƙarshen shekarun 1990 ce. Ta haura shekara 20 tana aiki, rabi a hannun Turawa rabi a hannunmu, kuma mun san yadda muke riƙon inji. Ba za mu dawwama a kan tsoho don tsoron waya ba. Matsalar gas tana da magani: a ƙara filta mai raba ruwa, a bar gas ya kwana a duro ya kwanta kafin a zuba, a canza filta a kan lokaci. Kuma D ta fi sauri, ta fi tattalin mai. Ni da za a bi tawa ma, da kuɗin tsohuwar Caterpillar gara a duba ta Chana, SANY ko XCMG, mai ƙananan shekaru.

Baba Makanike: Ranar sayarwa za ka gane. Caterpillar ko ta mutu gawarta kuɗi ce, a yanka ta a sayar gunduwa-gunduwa. Je ka sa ta Chana a kasuwa bayan shekara biyar ka ji tayin da za a yi maka.

Na Gangare: An fara. Kullum Baba da Injiniya sai sun yi wannan.

Injiniya: Ai ba faɗa ba ne, a garejinsa na fara riƙe sifana. Amma Baba, haka kuka ce a kan Howo, babbar motar nan ta Chana, lokacin da ta shigo, yau ga ta ta cika titi, har haɗa ta ake yi a Ikeja a kamfanin Dangote Sinotruk. Kayan gyaranta kuma ko'ina akwai.

Hajiya Mai Tifa: Sannunku da muhawara. Ni ba a kan B ko D zan yi magana ba. Baban Ummi, tambayata ita ce, wa ya ce zai ɗauki hayar? Akwai wanda kuka zauna da shi, ko kuwa gani kuka yi wasu na yi? Don inji ba ya neman aiki da kansa. A Jos daga Yuli zuwa Satumba ruwa ba ya barin mutum ya yi haƙa yadda yake so, rami ya cika, hanya ta lalace, lobed ba ya shiga. Ga shi a Fabrairun 2025 gwamnatin Filato ta dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar, duk wanda ya jingina injinsa da kuza kaɗai ya ji a jikinsa. Inji yana ajiye, mai gadi na cin albashi, ofareta na cin albashi don kada wani ya ɗauke shi, batir na mutuwa, ɓarayi na kwance waya. Ni tifa nake yi, mai taya goma, yashi da tsakuwa da jar ƙasa. Ribar ba ta kai ta eskabeta ba a ranar da eskabeta ke aiki, amma kusan kullum da abin da ke shigowa. Kuɗin mutum uku ne, ba na mutum ɗaya ba. Ku yi tunani.

Baban Ummi: Hajiya na gode. Akwai mutum biyu da suka ce za su riƙa ɗauka, ɗaya mai kuza ɗaya ɗan kwangila. Amma maganar baki ce, ba a rubuce ba.

Hajiya Mai Tifa: To ka sa a ranka babu su. In sun zo, alhamdu lillahi. Kuma tun yanzu ku tsayar da ƙa'ida: haya ta yini awa 8 ce, gas na mai haya ne, kuɗin kaiwa da dawowa nasa ne, kuma a biya kafin inji ya hau lobed. Masu kuza da yawa za su ce maka a bari sai an wanke an sayar. Ka yarda da wannan, ka zama abokin cacarsu ba tare da an tambaye ka ba.

Ɗan Loto: Hajiya kin taɓa mu fa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Hajiya Mai Tifa: Ban ce duka ba, ɗana. Amma kai ma ka san rami ba ya alkawari.

Ejan Apapa: Salam. Bari in sa baki ta ɓangarena tunda fiton kaya daga tashar jiragen ruwa nake yi. Na farko, "tana Legas" kala biyu ce. Akwai wadda ta fita daga tasha tana yadi, irin yadukan da ke bakin titin Legas zuwa Ibadan. Akwai wadda take cikin Apapa ko Tin Can ba a biya mata kwastan ba, ko ma tana kan ruwa. Idan ta biyun ce, farashin da aka faɗa maka ba shi ne farashi ba. Kwastan da dala suke lissafi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, kuɗin fito ya bi ta. Ga kuɗin ajiya na tasha da na kamfanin jirgi da ke ƙaruwa kowace rana. Shi ya sa za ka ga an sa araha, ana neman wanda zai zuba kuɗi a fitar da kaya.

Na biyu, takardu. Ka ga takardar lodin jirgi, ka ga SGD, wato takardar bayyana kaya ga kwastan, ka ga rasidin biyan kwastan da takardar fita, kuma lambar da ke jikinsu ta zama ita ce a jikin ƙarfe, harafi da harafi. Kada ka karɓi hoto a waya, ka sa a tantance a ofishin kwastan. Daga Legas zuwa Jos ta Lakwaja da Abuja da Akwanga shingaye nawa ne? Takarda ɗaya ta samu matsala, inji zai sauka a inda ba ka nufa ba.

Na uku, kada ka tura ko sisi da sunan kafin alƙalami a kan bidiyo. Bidiyo ɗaya dillalai goma ke yawo da shi, a cikinsu wataƙila babu wanda ya taɓa ganin mai kayan.

Baban Ummi: Ya ce in tura kashi goma a riƙe mana, wai akwai wani daga Onica da ke son ta.

Ejan Apapa: Kullum akwai wani daga Onica. Ka ce ya saya.

Alhaji Mai Tirela: Na ga maganar lobed ta wuce ba wanda ya taɓa ta, alhali nan ne ramin da ya fi zurfi. Baban Ummi, ka bar wannan tunanin tukuna. Inji ɗaya ba ya ciyar da lobed. Sau nawa za ka matsar da shi a wata? Sauran kwanakin kai da bodi suna zaune, taya na tsufa, takardu na ƙarewa, direba na jiran albashi. Ka yi haya. Ranar da injinanku suka kai uku, sai mu yi maganar.

Amma tunda akwai masu karatu da ke son tirela, ga abin da na sani. Kan tirela tokumbo daga Turai, ka tsaya a kan tsofaffin da makanikanmu suka sani, irin DAF CF da XF 95, MAN TGA, ko Mack ta Amurka in kana son mai jure duka. Waɗanda aka yi daga 2014 zuwa sama, masu ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, suna shan AdBlue, ruwan tace hayaƙi, suna da matatar hayaƙi da na'urori barkatai. A can alheri ne, a nan da gas ɗinmu sai mota ta rage wa kanta ƙarfi tana tsakiyar hawa. Sannan ka kula da wanda aka juya wa sitiyari. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Ana kawo su a juya, wani juyin da walda da ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod, in ka ga ramuka an toshe a ɗaya gefen, ka san labarin.

Shi kuma bodi, mutane fenti da taya suke kallo. Ka shiga ƙarƙashi da tocila. Bi shasi tun daga wuya har baya, musamman inda wuyan ya lanƙwasa da inda sifirin ke kamawa, nan yake tsagewa. Ka ga faci an ɗora an yi walda an shafe da baƙin fenti, tambayi dalili. Tsaya daga baya ka hango shi, in ya karkace ko ya yi doro to an sha ɗora masa fiye da ƙima, wanda aka yi don buhun siminti 600 ana loda masa 900. A duba fil ɗin da ke shiga farantin kai, in ya cinye tirela za ta riƙa fizga. A cika iska a kashe mota a saurara, in tana tsiyaya za ka ji. Taya kuma akwai alƙaluma huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta mutu da tsufa.

Direban Dare: Alhaji ka manta birkin inji. Duk wanda zai sauka Hawan Kibo da lodi ba shi da birkin inji ko ritada mai rage gudu ba tare da taka birki ba, yana dogara da birkin ƙafa kawai, to ya yi sallama da gida sosai. Kafin ka kai rabi birki ya yi zafi ya daina kamawa. Masu mota ku riƙa tambayarmu kafin ku saya, mu ne a ciki.

Alhaji Mai Tirela: Gaskiyarka. Wannan ma shi ne na farko. A ƙara da na'urar taƙaita gudu, tun 2017 jami'an kiyaye haɗurra ke kama motocin haya a kanta.

Na Gangare: Mai neman lobed na haya ya ji dai wanda ya ce kada a saya. Alhaji yana da biyu a 'Yan Tirela.

Alhaji Mai Tirela: Kai dai ba ka da kunya. Ko a wajen wani zai yi hayar, maganata tana nan.

Baba Makanike: Mu koma kan ta Bukuru tunda ita ce a kusa. Ban ce ka saya ba, cewa na yi ita za mu iya gani da ido. Ga yadda za a yi. A je da sassafe, kuma a gaya wa mai ita kada kowa ya tayar da ita kafin mu iso. Ni zan fara ɗora hannu a kan inji, in na ji ɗumi mun dawo gobe. Sanyin Jos ba ya rufa wa inji asiri: mai lafiya zai tashi ba gardama, ɗan hayaƙi ya wuce. Wanda ya gaji zai yi ta tari, fari ko shuɗin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa. Sai a buɗe murfin baƙin mai yana aiki, in yana huci yana feso mai, ringi sun tafi. A duba lagireto ko akwai mai a ruwan, a duba baƙin mai ko ya koma kalar madara.

Bayan nan ba a gama ba, don inji shi ne mai sauƙin gyara. Kuɗin yana famfon haidirolik da ƙafa. A sa ta haƙa na awa guda cur har mai ya yi zafi, don famfon da ya gaji da sanyi jarumi ne, sai ya ɗau zafi yake sanyin jiki. A cika bokiti a ɗaga a kashe inji, a ga ko hannun zai riƙa sauka da kansa. A dafa bokiti a ƙasa a ɗaga gefe ɗaya, a juya sarƙa a ƙirga lokacin, a yi wa ɗaya gefen, in sun bambanta akwai magana. A tuƙa ta miƙe, a ga ko tana janyewa gefe. A miƙe hannu a girgiza, mutum ɗaya ya tsaya yana kallon inda sama ke juyawa a kan ƙasa, in yana ɗagawa to babban kuɗi ne. A kwance magudanar giyar ƙafa a tara man a farin roba, in ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe ka san abin da ke ciki. Haƙoran sifroket, ƙarfen da ke jan sarƙa, in sun yi tsini sun gama. Ƙasar Filato dutse ce, tana cin ƙafar inji fiye da yashin wasu wurare.

Injiniya: Wannan duk na sa hannu. Zan zo da geji mu auna ƙarfin famfo, kada mu tsaya a kan kunne kawai. Kuma a kankare fenti a gindin hannu da wajen kunnen silinda a ga ko an taɓa walda.

Malam Na Masallaci: Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, hadisin yana cikin Muslim. Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye. Amma a aikace, a tambaye shi a gaban shaidu, a rubuta abin da ya faɗa a takardar ciniki. Na biyu, ku 'yan'uwa uku ku rubuta naku: kowa nawa ya sa, wa zai riƙa kula, nawa ne ladan mai kulawar, nawa za a ware na gyara kafin a raba riba, kuma in ɗaya yana son fita yaya za a yi. Zumunci da yawa a kan mota ya lalace, ba don wani mugu ba ne, don ba a rubuta ba ne.

Ejan Apapa: Ƙari a kan maganar Malam. Ta hannu ma tana da nata tarkon: wataƙila an ci bashin banki da ita. Akwai rajistar kadarorin jingina a ƙarƙashin Babban Banki, dokarta ta 2017 ce, ana iya bincikawa a ga ko an jinginar. Ka nemi takardun kwastan na asali da rasidin wanda ya sayar masa, kuma kuɗi ya shiga asusun mai sunan da ke takarda, ba na dillali ba. La'adar dillali daban, a hannunsa.

Hajiya Mai Tifa: Kuma kada ku zuba duk jarin a saye. Ku bar abin da zai yi sabis na farko, mai da filtoci gaba ɗaya, da abin da zai ɗauki gyara ɗaya babba. Sannan ofareta. Injin nan yana shan wajen lita 15 zuwa 20 a awa in aiki ya yi nauyi, gas kuwa kuɗi ne a jarka. Mugun ofareta zai sayar da gas, ya yi aikin dare a gonar wani, ya bar fil ba giris. Ku samu mai amana ku biya shi da kyau, ɗayanku kuma ya riƙa zuwa wajen aiki ba sanarwa.

Baban Ummi: Jama'a mun je yau da Baba da Injiniya. Ta tashi bugu ɗaya da sanyinta, famfo ya ba da abin da ake so ko da ta yi zafi. Amma giyar ƙafar hagu tana yoyo kuma akwai garin ƙarfe a man, sifroket duka biyu sun yi tsini, sannan an taɓa walda a hannu, mai ita da kansa ya nuna mana kafin mu tambaya. Mun taya da ragin kuɗin gyaran, ya ce albarka, amma ya ce mu dawo Litinin. Ƙanina har yanzu zuciyarsa na Legas. Dillalin kuma tun da na nemi hoton lambar jikin ƙarfe bai sake amsa waya ba.

Injiniya: Ni dai har yanzu ina ganin ta tsufa. Amma tsakanin biyun nan, wadda muka taɓa da hannu.

Baba Makanike: Kafin Litinin zan tambayi kuɗin giyar a Dilimi, in babu a kira kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Kada ka ƙara masa ko naira sai na faɗa maka.

Baban Ummi: To Baba. Alhaji Mai Tirela, in an sallama, nawa za ka ɗauko mana ita daga Bukuru zuwa garejin Baba?

Alhaji Mai Tirela: Kira ni. Ba a ciniki a gaban Na Gangare.